Gado da Sauya Aikin Gado a Ilmin Shirya Kwamfuta

Kalmar gado a wannan fanni tana iya ruɗar Bahaushe, domin a nan uba yana raye ake cin gadonsa, kuma kome yawan magada ba abin da ke raguwa. An soma wannan tsari ne a harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙago a birnin Oslo na ƙasar Norwe a shekarar 1967.

Manufar ita ce, mai shirya kwamfuta ya kasa abubuwa aji-aji, kowane aji da siffofinsa da ayyukansa. In aka fitar da ƙaramin aji daga babba, to ya gaji dukkan waɗannan ba sai an sake rubuta masa ba.

Bari mu ɗauki misali daga nahawu. A ce mun gina aji mai suna Suna, muka ba shi aikin jam'i irin na mota, motoci, da taga, tagogi. Sa'an nan muka fitar da ƙaramin aji na sunayen asali, irin su Bakano da Bakatsine. Jinsi da sauran siffofi ya gada lafiya lau, amma in ya bi jam'in uban, sai mu sami Bakanoni, abin da ko yaron goye ba zai faɗa ba. Saboda haka sai a rubuta masa nasa aikin, da sunan nan dai na jam'i, wanda zai cire ba- ya ƙara -awa, a sami Kanawa da Katsinawa. Wannan shi ne sauya aikin gado.

To, in an jera mota da Bakano wuri guda a matsayin Suna, wane aiki kwamfuta za ta bi? A harshen Smalltalk da na Java, sai lokacin aiki ya zo take duba ajin kalmar na ainihi, in ba ta sami jam'i a nan ba ta haura wurin uba. Harshen C++ kuwa, wanda Bjarne Stroustrup ya ƙago, ba ya yin haka sai an sa wa aikin uban alamar virtual. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, kuma a ganina ba laifinsu ba ne duka, domin shirin zai tafi sumul ba wata alamar kuskure. Wanda ya manta da wannan kalma guda, ya kira Bakano ta sunan babban aji, Bakanoni zai gani.