DUBI TSUNTSU, KI SAN LOKACI: DARASI GA IYAYE MATA

Ya ku iyaye mata na ƙasar Gaya da Ajingi! Wadda ta iya karatu ta taimaka ta karanta wa ta kusa da ita.

Kowace cuta ta yara da lokacinta, kowane tsuntsu ma da nasa lokacin. Uwar da ke lura da tsuntsayen da ke sauka a tsakar gidanta ba ta rasa kalanda. Tun ciwo bai ƙwanƙwasa ƙofa ba ta riga ta shirya masa. Ga yadda abin yake daga farkon shekara zuwa ƙarshenta.

1. BAZARA: KURCIYA A BAKIN RANDA

Daga watan Maris zuwa Mayu za ki ga kurciya da ƙananan tsuntsaye sun matso bakin rijiya da gindin randa, baki buɗe, suna haki. To, ƙishin da ya koro su shi ne ke damun ɗanki. Ki yawaita ba yara tsabtataccen ruwa. Amma jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, sai dai ki ƙara yawan ba shi.

Rufe randarki kullum. In kina son taimakon tsuntsaye, zuba musu ruwa a kasko can nesa da madafa. Ki zubar ki sake sabo kowace safiya, gama ruwan da ya yi kamar mako guda a ajiye gidan 'ya'yan sauro ne.

Wannan ne lokacin sanƙarau da ƙyanda. Manyanmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani. Kada a cunkushe a ɗaki ɗaya a rufe taga. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, ko maɗigar jariri ta kumbura, a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Allurar ƙyanda kuwa ana yinta a wata 9, a maimaita a wata 15. Duba katin ɗanki yau.

2. DAMINA: SHAMUWA TA ISO

Kowa ya san shamuwa, baƙar tsuntsuwa mai farin ciki. Takan iso gab da faɗuwar ruwa ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya cikin gari, tana cin fara da tsutsar gona. In damina ta ƙare sai ta nufi ƙasashen kudancin Afirka. Manomi ya gan ta sai ya gyara fartanya. Ke kuma da kin gan ta, ga naki aikin:

(a) Fito da gidan sauro, ki ɗinke inda ya yage. Yara da mai ciki su kwana ciki kowane dare.

(b) Cike kududdufin ƙofar gida, ki kife tsofaffin gwangwanaye da fasassun tukwane.

(c) Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Sau ɗaya ne a wata, ana sha kwana 3 a jere. Kada ki tsaya a na ranar farko.

Ruwan sama kan kwashe kashin kaji da na agwagi ya baza a tsakar gida, inda mai rarrafe ke wasa yana kai hannu baki. Daga nan gudawa ke samuwa. Share tsakar gida safe da yamma, ki shimfiɗa wa yaro tabarma. In gudawa ta kama shi, dama ƙullin gishiri da sukari na asibiti guda ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zinki har kwana 10 zuwa 14. Kada ki hana shi nono ko abinci.

3. KAKA: JAN-BAKI A KAN GERO

Hatsi ya nuna, garken jan-baki ya taso kamar hayaƙi, yara suna gona suna kora. Wani lokaci hukuma kan yi musu feshin guba. Ki ja kunnen yaranki: tsuntsun da aka tsinta a mace ba nama ba ne. Kada a gasa, kada a kawo gida.

Hatsi na shiga rumbu, ɓera na biye. Fitsari da kashin ɓera a abinci su ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, kuma ya fi yawa da rani. Rufe abinci da murfi, kada ki shanya gari a ƙasa ya kwana. Mujiya kuwa, da ake jifa in ta yi kuka, abincinta ɓera ne. Kukanta bai taɓa sa wa yaro ciwo ba. In yaro na jijjiga, kada a ɗora wa tsuntsu laifi a zauna gida. Sau da yawa zazzaɓi ne ya yi tsanani. Kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya asibiti.

4. HUNTURU: BAƘI DAGA TURAI

Da sanyi ya shigo, agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan ƙetaro hamadar Sahara daga ƙasashen Turai, su sauka a dausayin Hadeja da Nguru da fadamun kogin da ya bi ta Wudil. Abin sha'awa ne, a kai yara su gani. Amma tsuntsayen ruwa kan ɗauki murar tsuntsaye, haka ma kajin da ake yawo da su kasuwa-kasuwa. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da cutar a Jihar Kaduna, karon farko a Afirka, ta kuma shigo Kano. Ta sake dawowa a 2015 da 2021. Ba kasafai take kama mutum ba, amma in ta kama tana kisa.

Saboda haka:

(a) Kaji su kwana a akurki. Kada a shigo da su ɗakin yara don gudun sanyi.

(b) Sabuwar kazar da aka sayo, a ware ta mako 2 kafin ta shiga cikin na gida.

(c) In kaji sun fara mutuwa farat ɗaya, ko kansu ya kumbura, kada a yanka, kada a fige, kada a sayar. Na san asara ce mai ciwo, amma kaza ba ta kai ɗa ba.

(d) Kada ki ɗauki mushen ki kai wa kowa. Tsaya daga nesa ki ɗauki hotonsa da waya, ke ko maigida, a nuna wa malamin dabbobi, a kuma sanar da mai unguwa.

(e) Da, ungulu ke kwashe mushe. Yau ta yi ƙaranci ƙwarai, aikin ya dawo kanmu. Babba ya sa leda a hannu, ya binne mushen a rami mai zurfi nesa da rijiya, ya wanke hannu da sabulu.

Ƙwan kaza mai lafiya kuwa, dafa shi ya dahu sosai ki ba yaro tun daga wata 6. Ƙwai ba ya sa yaro sata, jiki yake ginawa.

Hunturu kuma lokacin tari ne. Yaro na numfashi sama-sama, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa in ya ja iska, kawo shi a ranar.

KI RIƘE WANNAN

Tsuntsun daji na ido ne, ba na hannu ba. Koya wa yaranki sunayensu, su san hasbiya, su san balbela da cilakowa, amma su bar sheƙa da mushe. Wanda ya taɓa kaza ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

TAMBAYOYI

1. In kin ga shamuwa, waɗanne abubuwa 3 za ki yi?
2. Kajinki 4 sun mutu dare ɗaya. Wa za ki gaya wa?
3. Me mujiya ke ci?

Wadda ta manta amsa ta tambayi malamar asibiti kafin ta tafi gida. In ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani, za a tura ki Babban Asibitin Gaya, kada ki ƙi zuwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raya mana zuriya, amin.