Kafin a Kai Yaro Yawon Sallah: Amsa ga Wata Uwa Daga Maruta

Wata uwa daga Maruta, a ƙasar Gwaram, ta aiko da tambaya: "Duk Sallah sai yara sun matsa a kai su kallo, wani lokaci Birnin Kudu, wani lokaci Dutse wajen hawan Sarki. Bana kawunsu ya ce Gidan Zoo na Kano zai kai su, su ga namun daji su hau lilo. Autana shekararsa huɗu, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Gabana sai faɗuwa yake yi. In hana shi zuwa, ko yaya zan yi?"

'Yar'uwa, kada ki hana shi, amma faɗuwar gabanki tana kan hanya. Gidan Zoo, wanda aka gina tun farkon shekarun 1970 a zamanin Gwamna Audu Bako, yakan cika maƙil a kwanakin Sallah, haka ma filin hawa a Dutse. Yaro ɗan shekara huɗu tsayinsa bai wuce ƙugun babba ba. In ya ɗaga kai a cikin taro, ba ya ganin fuskoki, riguna da zannuwa kawai yake gani. A Sallah kuwa shadda da atamfa duk kama suke yi da juna, ga anko. Sai ya kama gefen wata farar riga yana tsammanin kawunsa ne, ya bi ta har bakin ƙofa.

Abin da ya fi jefa yara cikin ɓata shi ne yawan masu kula da su. Manya biyar sun fita da yara takwas, kowa yana ganin ai wane yana riƙe da shi. Mukan ce ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, amma a cikin cunkoso dole a ambaci sunan mutum ɗaya. Tun a gida ki ce wa kawunsa, "Yaya, auta a hannunka yake, ba a hannun kowa ba." In zai je sayen tikiti ko alwala, ya danƙa hannun yaron a hannun wani babba, ya faɗa da baki, wancan ya amsa. Kada a bar shi ga yayarsa 'yar shekara goma. Ita ma kallon ta zo yi, kuma da zarar biri ya yi tsalle hankalinta ya tafi.

Akwai wata matsala da tarbiyyarmu ta kunya take haifarwa, wadda ba a cika lura da ita ba. Ka tsinci yaro yana kuka, ka ce, "Yaya sunan babanka?" Ya ce, "Baba." "Mamarka fa?" "Umma." "Ina ne gidanku?" Ya nuna da yatsa. A gidajenmu ba a kiran sunan miji, ba a kiran sunan ɗan fari, yaro ya tashi bai taɓa jin cikakken sunan mahaifinsa ba. A Maruta wannan ba komai ba ne, domin duk wanda ya gan shi ya san ɗan gidan wane ne. A Kano ba wanda ya san shi. Saboda haka a ajiye kunya, a koya masa sunansa na yanka, da sunan mahaifinsa, da "Maruta, Gwaram, Jigawa". In nauyin faɗin sunan ya hana ki, ki sa gwaggonsa ko yayansa su riƙa bita da shi kamar karatun allo har ya zauna.

Amma tsoro yakan kulle bakin yaro, don haka kada a dogara da haddar kaɗai. A rubuta lambobin waya biyu a takarda, a naɗe a leda, a maƙale da fil ta cikin aljihunsa, a kuma rubuta ɗaya da biro a damtsensa. Ko a Masallacin Harami na Makka ana ɗaura wa yara abin hannu mai ɗauke da lambar iyayensu. Kafin a fita a ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa, har takalmi. Sannan a gaya masa abu biyu kawai: in bai ga kawu ba ya tsaya cak inda yake ya ɗaga murya, kuma in zai nemi taimako ya nufi mace mai goyo ko mai kayan sarki.

To, idan abin ya faru fa? Mintunan farko su ne komai. A Amurka akwai tsarin da kantunan Walmart suka fara a 1994, mai suna Code Adam, don tunawa da wani yaro da aka sace a wani kanti a Florida a 1981. Da zarar an ce yaro ya ɓace, sai ma'aikata su tsare ƙofofi, a sanar da kamanninsa, in an yi minti goma ba a gan shi ba a kira 'yan sanda. Mu ma za mu iya yin haka da kanmu. Mutum ɗaya ya ruga bakin ƙofar fita ya tsaya, ɗaya ya zauna daidai inda aka rabu da yaron, sauran su fara duba wurare masu haɗari: ruwa, bakin titi, wurin dawakai in a filin hawa ne. Kuma kiran sunansa kaɗai bai isa ba, domin jama'a ba su san mai sunan ba. A ɗaga murya a ce, "Yaro ɗan shekara huɗu, shuɗiyar shadda, ba hula!" Nan take idanu ɗari za su shiga nema. A je wurin masu lasifika ba tare da jin nauyi ba.

Kada kowa ya ce a bari sai gobe. A sanar da 'yan sanda da Hisba da mai unguwar wurin a ranar, ana iya kiran lambar gaggawa ta 112, a kai cigiya masallatai da gidan rediyo. Yawancin yaran da suka ɓace a taro ana ganinsu kafin magariba, amma ba mu manta da Oktoban 2019 ba, lokacin da 'yan sandan Kano suka gano yara tara, mafi yawansu a Onitsha ta Jihar Anambra, waɗanda aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Hotoro da Yankaba, har an sauya musu suna. In za a sa cigiya a Facebook ko WhatsApp, a ɓoye wata alama ɗaya ta jikin yaron, domin 'yan damfara sukan kira su ce yana hannunsu a turo kuɗi.

Ga wanda ya tsinci yaro kuma, ina roƙonsa kada ya tafi da shi gida ko ya ɗora shi a babur, ko da niyyarsa alheri ce. Ya tsaya a wurin, ya kira mutum biyu su zama shaida, su raka shi tare zuwa ofishin wurin ko gidan mai unguwa. A irin wannan zamani, ihun "ɓarawon yara" ɗaya ya isa a hallaka mutumin kirki.

In Allah Ya sa an gan shi, ki roƙi kawunsa tun yanzu kada ya dake shi. Yaron da ya sha mari don ya ɓace, in ya sake ɓacewa ɓuya zai yi ko ya ji ana kiran sunansa. A rungume shi, a ba shi ruwa, faɗan ya jira sai an dawo Maruta hankalin kowa ya kwanta.