CACA A KAN AJALIN MUTANE DA LADUBBAN SANAR DA RASUWA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan wani wasa da ya yaɗu a ƙasashen Turawa ta hanyar intanet, watau wasan cinkar waɗanda za su mutu daga cikin shahararrun mutane. Ko da yake asalinsa na can ne, wayar hannu ba ta san iyakar ƙasa ba, saboda haka ya kamata Musulmi ya san hukuncinsa tun bai iske shi a ƙofar gida ba.

YADDA WASAN YAKE

Kafin sabuwar shekarar Miladiyya ta kama, kowane ɗan wasa yakan rubuta sunayen sanannun mutane, kamar sarakuna da shugabanni da mawaƙa da 'yan ƙwallo, waɗanda yake zaton ba za su ga ƙarshen shekarar ba. Duk wanda ya mutu a cikinsu, sai a ba wanda ya rubuta sunansa maki. A wurare da yawa ana debe shekarun mamacin ne daga 100, abin da ya rage shi ne makin. Watau tsoho mai shekara 90 maki 10 yake kawowa, saurayi mai shekara 30 kuwa maki 70. Waɗansu sukan zuba kuɗi, wanda ya fi maki ya kwashe. Waɗansu kuwa suna kawai suke nema. Daga nan har shekara ta ƙare aikinsu shi ne bin diddigin majinyata, wa aka kwantar a asibiti, wa aka gani ya rame, da rige-rigen kawo labarin rasuwa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa shi ne wanda ake kira DeathList a Ingila. Waɗansu ɗaliban Jami'ar Warik ne suka ƙago shi bayan mutuwar ɗan wasan sinima Keri Garant cikin watan Nuwamba na 1986, suka fitar da jerinsu na farko a 1987. Ƙa'idarsu ita ce sunaye 50 a kowace shekara, kuma ba a maimaita fiye da 25 daga cikin na bara.

ASALINSA

Wannan ɗabi'a ta girme wa intanet nesa ba kusa ba. A shekarar 1591 Paparoma Giregori na 14 ya haramta wa mabiyansa yin caca a kan zaɓen Paparoma da kuma tsawon kwanakin da zai yi a kan kujera. A Ingila kuwa, cikin ƙarni na 18, mutane sun riƙa sayen inshora a kan rayuwar manyan da ba su haɗa kome da su ba, musamman in an ji suna jinya, domin su karɓi kuɗi in sun mutu. Abin ya yi yawa har majalisar ƙasar ta kafa doka a 1774 wadda ta hana mutum yin inshora a kan ran wani, sai fa in mutuwarsa za ta jawo masa hasara ta gaskiya.

Jaridun Landan sun buga wani labari a 1750 wanda ya nuna inda wannan hanya take kai mutum. An ce wani ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar wani gidan shaƙatawa na attajirai, nan take suka shiga caca, waɗansu na cewa ya mutu, waɗansu na cewa da sauran rai. Da aka tashi yi masa tsaga don a ceto shi, sai waɗanda suka zuba kuɗi a kan mutuwarsa suka hana, wai yin haka zai ɓata cacar.

HUKUNCINSA A SHARI'A

Abu na farko shi ne kuɗin. Duk inda mutane suka zuba dukiya a kan abin da ba su san yadda zai kasance ba, wani ya ci wani ya yi hasara, to, caca ce, kowane suna aka ba ta. Allah Ya haramta caca a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, inda Ya haɗa ta da giya da gumaka, Ya kuma bayyana cewa Shaiɗan yana amfani da ita don jefa gaba tsakanin mutane da shagaltar da su daga ambaton Allah da salla. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci wanda ya kira abokinsa zuwa caca da ya yi sadaka. In kira kawai yana bukatar sadaka don kankarewa, ina ga aikatawa?

Abu na biyu shi ne ajali. Aya ta ƙarshe ta Suratu Luƙman, watau ta 34, ta lissafa abubuwan da Allah Ya keɓe wa kansa saninsu, a cikinsu har da ƙasar da rai zai mutu. Suratul A'araf aya ta 34 ta tabbatar da cewa in ajali ya zo ba a jinkirta shi, ba a kuma gaggauta shi. A nan akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Likitan da ya duba majinyaci ya ce bisa ga alamun cutar kwanansa sun ƙarato, bai yi da'awar sanin gaibu ba. Ya yi kirdado ne da iliminsa don iyali su shirya, majinyaci ya yi wasiyya, ya biya bashi. Haka nan ɗan wasan nan ba za a ce ya yi da'awar gaibu ba muddin ya san zato yake yi. Amma kirdadon likita don amfanin majinyaci ne, nasa kuwa don amfanin kansa ne da mutuwar majinyacin.

Sau da yawa kuma zaton kan tashi a banza. Cikin watan Fabrairu na 2023 aka sanar da cewa tsohon shugaban Amurka, Jimi Kata, ya bar neman magani a asibiti ya koma gida, jama'a suka ɗauka saura 'yan kwanaki. Bai rasu ba sai ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100. Shi kuwa Kobi Burayan, gwanin ƙwallon kwando, yana da shekara 41, lafiyarsa ƙalau, ya mutu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 26 ga Janairu, 2020, tare da 'yarsa da waɗansu mutum bakwai.

Abu na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne abin da wasan yake yi wa zuciya. Wani zai ce shi ba ya zuba kuɗi, kuma rubuta sunan mutum ba ya rage masa ko daƙiƙa ɗaya. Gaskiya ne ba ya ragewa, kuma in babu kuɗi sunan caca ya faɗi. Amma wanda ya rubuta sunan majinyaci, ranar da aka ce ya sami sauƙi, murna zai yi ko baƙin ciki? Ranar da aka ce ya cika, salallami zai fara yi ko lissafin maki? Ya riga ya ɗaura nasararsa a kan hawayen marayu, har mutuwar matashi ta fi masa daɗi a kan ta tsoho. Annabi (S.A.W.) ya sanya so wa ɗan'uwa abin da mutum yake so wa kansa ya zama sharaɗin cikar imani, ya kuma kasance yana neman tsarin Allah daga dariyar maƙiya. Babu mai son a jera sunan mahaifinsa a takarda ana jiran ranar da zai faɗi.

KO DA BA MUSULMI BA NE

Wani kuma zai ce ai yawancin waɗanda ake rubutawa ba Musulmi ba ne. Amsar wannan tana cikin Buhari da Muslim. Sahabbai biyu, Sahlu ɗan Hunaifu da Ƙaisu ɗan Sa'adu, suna zaune a Ƙadisiyya aka wuce da gawa, suka miƙe tsaye. Aka ce musu ai ba ta Musulmi ba ce. Sai suka ba da labari cewa an taɓa wucewa da gawa a gaban Annabi (S.A.W.) ya miƙe, aka gaya masa ta Bayahude ce, ya mayar musu da tambaya, shin ita ba rai ba ce? Suratul Isra'i aya ta 70 ta nuna cewa Allah Ya girmama 'yan Adam, ba ta ware wata al'umma ba. Nana A'isha kuma ta ruwaito hani ga zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Wanda ya shahara bai fita daga cikin 'yan Adam ba. Yana da uwa, yana da 'ya'ya, kuma zafin fitar rai bai san suna ba.

SANAR DA RASUWA

Kada a fahimci cewa ba da labarin mutuwa laifi ne. Annabi (S.A.W.) da kansa ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi, sarkin Habasha, a ranar da ya rasu cikin shekara ta 9 bayan Hijira, ya fita da su suka yi sahu, ya yi masa salla da kabbara huɗu. A shekara ta 8 ya sanar da shahadar Zaidu da Ja'afaru da Abdullahi ɗan Rawaha a yaƙin Mu'uta, idanunsa suna zubar da hawaye. Da wata mata mai sharar masallaci ta rasu aka binne ta ba a gaya masa ba, ya nuna bai ji daɗi ba, ya sa aka kai shi kabarinta ya yi mata salla. Abin lura a nan shi ne, wannan mata ba ta da suna a gari, amma an daraja ta da abin da aka daraja sarki.

Akwai kuma hadisin Huzaifa da Tirmizi ya ruwaito wanda ya hana shelar mutuwa. Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, ya daidaita hadisan ya kasa al'amarin gida uku, kamar yadda Ibnu Hajar ya kawo a Fathul Bari. Sanar da dangi da abokai da mutanen kirki sunna ne. Tara jama'a don alfahari makaruhi ne. Shela irin ta Jahiliyya da kururuwa kuwa haramun ce. Ma'aunin dai shi ne niyya: a sanar don a yi salla, a yi addu'a, a yi ta'aziyya, masu bin bashi su zo a biya su.

Rubuta tarihin rasuwar manya ma fanni ne a cikin ilimin Musulunci. Malaman hadisi sun kiyaye shekarun rasuwar maruwaita don gane wanda ya yi ƙaryar haɗuwa da malamin da bai riska ba. Alƙali Ibnu Hallikan, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1282, ya wallafa Wafayatul A'ayan, inda ya tara tarihin fitattun mutane fiye da 800, ya kuma bar waɗanda bai tabbatar da lokacin rasuwarsu ba. Ya rubuta su ne bayan sun tafi, domin na baya su amfana da rayuwarsu.

GAGGAWA DA LABARIN ƘARYA

Wanda bai taɓa shiga wasan ba ma yana iya ɗaukar cutarsa, watau son a ce shi ya fara kawo labari. Suratul Hujurat aya ta 6 ta yi umurni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, Muslim kuma ya ruwaito cewa faɗin duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, da aka kashe Mus'abu ɗan Umairu mai riƙe da tuta, aka yi kururuwa cewa an kashe Annabi (S.A.W.), nan da nan gwiwar mayaƙa da yawa ta yi sanyi. Kalma ɗaya ta yi ɓarnar da takubba ba su yi ba.

Manyan kafofin labarai ma ba su tsira ba. A watan Nuwamba na 1989 an yaɗa a Nijeriya cewa Dokta Nnamdi Azikiwe ya mutu, har aka fara maganar shirin binne shi, alhali yana raye. Bai mutu ba sai watan Mayu na 1996. A watan Nuwamba na 2020 Rediyon Faransa ya saki bisa kuskure labaran rasuwar mutum kusan 100 da aka rubuta aka ajiye, cikinsu har da Sarauniya Elizabet da Pele, duk suna raye a lokacin, ya kuma nemi gafara. In masu ma'aikata da editoci sun yi tuntuɓe, mai waya ɗaya a hannu ya fi cancanta ya yi hattara.

Saboda haka in labarin rasuwa ya iske Musulmi, ya fara da salallami. Sa'an nan ya tabbatar da shi daga iyali ko wata majiya amintacciya. Kada ya riga dangi sanarwa, domin kada uwa ta tsinci mutuwar ɗanta a bakin duniya. Kada ya yaɗa hoton gawa, kada ya tona asirin jinya. In mamacin Musulmi ne ya roƙa masa gafara, in ba Musulmi ba ne ya kame bakinsa daga izgili, ya tausasa wa iyalinsa.

Annabi (S.A.W.) ya yi umurni da yawaita tuna mutuwa, amma mutuwar da ake nufi ita ce ta mai tunawar. Hausawa sun ce mutuwa rigar kowa. Mai jera sunaye 50 ya bar suna ɗaya wanda shi kaɗai za a tambaye shi a kansa, kuma ba shi da tabbacin zai kai watan Disamba ya ƙirga makinsa.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba majinyata lafiya, Ya sa Musulmi su cika da imani. Amin.