Hukuncin Rubuta Aure Ga Wanda Ya Yi Aure A Wata Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halitta mu jinsi jinsi da ƙabila ƙabila domin mu san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ɗan'uwanmu da neman abinci ya kai shi wata ƙasa, ya zauna can, ya auri 'yar ƙasar. Wannan ba baƙon abu ba ne a Shetimari da sauran garuruwan bakin Komadugu Yobe, domin kogi ne kawai ya raba mu da Damasak. Fataucin tattasai da kifi ya zaunar da mutanenmu a Maiduguri da Kano, wasu kuma suna Libiya da Saudiyya.

Abin da shari'a ta ce

A mazhabar Imamu Malik aure yana ƙulluwa da waliyyi, da sadaki, da siga, da shaidu biyu adilai. Takarda ba ta cikin sharuɗɗa, saboda haka auren da ba a rubuta ba halal ne, 'ya'yansa kuma 'ya'yan sunna ne. To amma mu duba hikimar da ta sa aka nemi shaidu: domin a tsare haƙƙi ne ranar da aka yi musu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi. Idan an nemi a rubuta bashin 'yan kuɗi, ina ga alkawarin da ake gina nasaba da gado a kansa?

Abin da muka gani da idonmu

A watan Nuwamba na 2014 aka kai wa Damasak hari, mutane suka ƙetaro ruwa zuwa Shetimari da Gagamari. A watan Fabrairu na 2015 kuma fitinar ta iso Diffa da Bosso. Garuruwa suka watse, limamai da shaidun aure wasu suka rasu, wasu ba a san inda suka nufa ba.

Mu ɗauka mutuminmu ya yi aure a ƙetare, ajali ya riske shi can, matar ta kwaso marayu ta zo garin mijinta. Allah Ya ba ta tumunin dukiyarsa, tun da ya bar 'ya'ya. Amma idan wani cikin dangi ya ce bai san da auren ba, da me za ta kare kanta gaban alƙali? Waliyyinta ba ya nan, shaidu ba su nan. Sakacin rana ɗaya ya jawo cin dukiyar marayu, wanda yake cikin manyan zunubai.

Abin da ya kamata a yi

1. Ranar ɗaurin aure a rubuta sunan ango da amarya kamar yadda suke a katin shaidarsu, da waliyyi, da shaidu, da adadin sadaki.

2. A karɓi takardar aure daga hukumar ƙasar da ake zaune.

3. A kai ta ofishin jakadancin Nijar, kamar na Abuja, ko ƙaramin ofishin Kano ko na Jidda, domin a shigar da auren cikin littafin ƙasarmu.

4. Wanda ya auri baƙuwa a nan gida ya sanar da ofishin magajin gari. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. Idan suka wuce, sai an bi ta kotu da shaidu.

5. A ba matar kwafinta a hannu, a aika wani gida wurin iyaye.

Mu sani kuma, tun gyaran dokar zama ɗan ƙasa na 2014, wanda ya auri ɗan Nijar ko 'yar Nijar yana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara uku da auren, amma sai da hujjar cewa an ɗaura shi bisa doka. Ga shi Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, don haka bai kamata mai iyali a ƙasa biyu ya yi wasa da takarda ba.

Nauyin nan yana wuyan miji, domin shi ne mai kiwon gidansa, kuma za a tambaye shi. Matar da ta bar ƙasar iyayenta ta bi shi amana ce. Muna roƙon limamanmu, duk wanda ya ɗaura aure ya tambayi ango yaushe zai je a rubuta. Wanda kuma ya daɗe da aure babu takarda, ya gaggauta tun shaidunsa suna raye.

Allah Ya sanya albarka a gidajenmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin mata da marayu, Ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya. Amin.