Darasi: Jiki Magayi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Gure, darasinmu na yau a kan sauraron jiki ne. Hausawa sun ce jiki magayi. Kafin ciwo ya kwantar da mutum, jiki yakan faɗa masa. Amma da yawa daga cikinmu hankalinmu yana gona ko kasuwa, ba mu jin abin da jiki yake faɗi.

1. Ƙishirwa

A watan Afirilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a nan. Mai haƙar kanwa cikin kwari, da mai ban ruwan lambu, da mai kora bisashe kan tudun rairayi, duk gumi suke zubarwa. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne. In ruwan ya ragu, kai ya yi ciwo, ido ya yi duhu, rai ya riƙa ɓaci da abu kaɗan. Ku dubi fitsarinku. In ya yi ja kuma kaɗan ne, jiki yana roƙon ruwa. Ku shiga inuwa, ku sha, ku huta. In mutum ya fara ruɗewa cikin rana, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a kai shi gidan likita maza.

2. Numfashi

Ku zauna ku natsu. Ku ɗora hannu a ciki, ku ƙirga numfashi na minti 1. Babban mutum da yake hutawa yana yin 12 zuwa 20. In fushi ya taso, numfashi yakan yi sauri. Kafin ku yi magana, ku ja iska ta hanci a hankali, ku sake ta a hankali, har sau 10. Zuciya za ta sauka. Faɗa da yawa a bakin rijiya da haka za a kauce masa.

Uwa ma ta ƙirga na ɗanta mai tari. Yaro mai shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40 a minti, ciwon huhu ake tsoro. Kada a kwana, a tafi likita.

3. Alwala da salla

Sau 5 a yini muna wanke hannu da fuska da ƙafa. Mu riƙa dubawa. Akwai ƙaya? Akwai kumburi ko gyambo? Akwai tabo a fata wanda ba ya jin taɓi? Wannan yana iya zama farkon kuturta, kuma tana warkewa da magani.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun lissafa natsuwa cikin farillan salla. Wato gaɓoɓi su tsaya cak a ruku'u da sujada. Wanda yake salla kamar kaza na tsattsagar hatsi, jikinsa bai huta ba, zuciyarsa ba ta halarta ba. In gaɓoɓi sun natsu, hankali ya dawo gida.

Aikin wannan mako: kowace safiya bayan asuba, kowa ya ƙirga numfashinsa, ya rubuta lambar cikin littafinsa. Ranar karatu a kawo wa malami.

Tambayoyi

1. Mene ne jan fitsari yake nunawa?
2. Numfashi nawa ne ke sa a kai yaro likita?
3. Me za mu duba lokacin alwala?