Darasin Lafiya: Idan Kai Da Likita Kun Saɓa A Kan Ƙwayar Tayiroyid

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar tsoka mai fuka-fuki biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiran ta tayiroyid. Ita ce take kumbura ta zama maƙoƙo. Aikinta shi ne zuba wani sinadari mai suna tayiroksin a cikin jini, wanda yake tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, har da kaifin tunani.

Idan wannan tsoka ta yi rauni, sai jiki ya mutu. Mutum ya riƙa fama da kasala da yawan barci, yana jin sanyi ko da bazara, fatarsa ta bushe, gashi ya riƙa zubewa, bayan gida ya yi tauri, murya ta dushe, ga ƙiba ba tare da ya ƙara ci ba. Mace kuwa al'adarta takan rikice. Ciwon ya fi kama mata, kuma sau da yawa ragwanci ake ɗora musu, alhali ciwo ne. A lura, ana iya samun wannan rauni wuya bai kumbura ba, kuma ba kowane mai maƙoƙo ne yake da shi ba.

Ƙarancin aidin a cikin abinci yana kawo shi, shi ya sa tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Wani lokaci kuma garkuwar jiki ce take juyowa ta cinye tsokar, cutar da wani likitan Japan, Hashimoto, ya bayyana a 1912. Wanda aka yi wa tiyatar maƙoƙo ma yana iya samun sa.

Maganin 'yar ƙwaya ce mai suna lebotayiroksin, ana sha sau ɗaya a rana, kuma yawanci har iyakar rai. Tana zuwa da lamba a jikin kwalinta: 25, ko 50, ko 100. A kan wannan lamba ne ake yawan samun saɓani. Majinyaci ya ce, "Likita, har yanzu jikina ba ƙwari, a ƙara mini." Likita ya duba takarda ya ce, "Hajiya, jininki ya daidaita." Sai kowa ya tashi da fushi.

To, me likita yake dubawa? A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƙaramar tsoka da take aika wa tayiroyid saƙo ta cikin jini. Sunan saƙon TSH. Ku ɗauke shi kamar mai gona da 'yan ƙwadago: in aiki yana tafiyar hawainiya sai ya ɗaga murya, in ana wuce gona da iri sai ya yi tsit. Saboda haka idan lambar TSH ta hau, ƙwayar ta yi kaɗan. Idan ta faɗi ƙasa sosai, ta yi yawa. A yawancin ɗakunan gwaji, daidai yana tsakanin wajen 0.4 zuwa 4. Mutane da yawa suna fahimtar abin a juye, su ga lamba ta hau su ɗauka magani ne ya yi yawa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Wannan ƙwaya ba irin ta ciwon kai ba ce da za ka sha yanzu ka ji sauƙi an jima. Bayan an sauya lamba, sai an yi mako 6 zuwa 8 kafin jini ya nuna gaskiyar lamarin. Wanda ya koma bayan kwana goma yana cewa ba ta aiki, ya yi gaggawa.

Kafin ka zargi lambar, dubi yadda kake sha. Ana so a haɗiye ta da ruwa zalla da sassafe, ciki ba komai, a jira minti 30 zuwa awa 1 kafin koko ko shayi. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, da ta ƙarin ƙarfin ƙashi, da maganin ƙwannafi, duk suna tare ta a hanji. A raba tsakaninsu da awa 4. Abincin waken suya ma yana rage ta, masu son awara su kiyaye. Zafi da laima suna lalata ta, kada a ajiye ta a taga ko kusa da murhu. Da azumi a tambayi likita: wasu suna sha rabin awa kafin sahur, wasu lokacin kwanciya bayan abinci ya daɗe da sauka. Wanda kuwa yake tsallake kwanaki saboda tsadar magani ya faɗi gaskiya, babu kunya a ciki. In ya ɓoye, likita zai ga lamba ta hau ya ƙara masa abin da ba ya bukata.

Duk da haka, ba kullum ne likita yake da gaskiya ba. Akwai waɗanda jininsu yake nuna daidai amma ba su jin daɗin jikinsu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Tsakanin 0.4 da 4 akwai tazara, likita yana iya ɗan gyara lambar a cikin wannan tazara ya ga abin da zai biyo baya. Yana yiwuwa kuma wata cuta ce daban ta laɓe a baya, kamar ƙarancin jini, ko ciwon suga, ko damuwa. A ganinmu, likitan da ya sallami majinyaci da "jininka lafiya" bai bincika waɗannan ba, bai gama aikinsa ba. Kana da ikon ka tambaya cikin ladabi: "Likita, nawa ne lambar tawa? In ba tayiroyid ba ne, me kuma za a duba? Yaushe zan dawo?" In bayani bai gamsar da kai ba, nemi a tura ka babban asibiti wurin ƙwararre, ka tafi da takardun gwajinka duka.

Nan ne karatun da kuke yi a aji zai yi muku rana. Sami ɗan littafi, ka riƙa rubuta kwanan wata, da lambar ƙwaya, da sakamakon gwaji, da yadda ka kwana. Likita ya fi sauraron mai rubutu a hannu fiye da mai cewa "jiki dai ba daɗi."

Abin da ba a yi shi ne mutum ya je kemis ya ninka wa kansa. Ƙwayar in ta yi yawa tana kawo faɗuwar gaba, da rawar hannu, da zufa, da rashin barci. In aka daɗe a haka bugun zuciya yakan rikice, ƙashi ya yi rauni, musamman ga matan da suka daina al'ada. Shi ya sa ake fara wa tsofaffi da masu ciwon zuciya da ƙaramar lamba, a riƙa hawa a hankali. Dainawa don an ji sauƙi ma kuskure ne, ciwon zai dawo a sannu.

Mace mai wannan ciwo da ta ga ta yi ɓatan wata, ita kam kada ta jira ranar da aka rubuta mata. Ciki yana ƙara bukatar ƙwayar tun makonnin farko, kuma ƙwaƙwalwar jariri ta dogara ne da sinadarin uwa a wannan lokaci. Kada ta daina sha don tsoron cutar da cikin. Ta je asibiti a makon nan, maigida ya raka ta, a yi mata gwaji.