Darasi Na 14: Ƙwayoyin Alheri Da Ke Cikin Hanjinmu

Jama'a, mun saba jin malaman asibiti suna cewa ƙwayoyin cuta ke kawo amai da gudawa. Gaskiya ne. Amma ba dukan ƙwayoyi ne mugaye ba. Akwai na alheri, a cikin hanjinmu suke zaune. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Waɗanda ke cikin mutum guda sun fi dukan mutanen duniya yawa sau dubbai.

Mun daɗe da sanin aikin irinsu. Bafillatana takan zuba ɗan tsohon nono cikin madara, in ta kwana ta zama kindirmo. Ƙwayoyi ne suka yi wannan aiki. Su ne kuma ke nunar da daddawa, su ke sa kamu tsami.

To, me na hanji ke yi mana? Suna narkar da dusar hatsi da ganye, waɗanda ciki ba ya iya narkarwa shi kaɗai. Suna yi mana wasu bitamin. Suna kuma cika wuri, su hana mugayen zama. Hanji kamar gona yake. In shuka ta rufe ƙasa, ciyawa ba ta samun sarari.

Jariri a cikin uwa kusan ba shi da su. Ranar haihuwa yake samun irin farko daga jikin uwarsa. Sa'an nan nono ya ciyar da su, domin a cikinsa akwai wani irin sukari da jariri ba ya narkarwa, abincin ƙwayoyin ne. Da ya fara cin abinci sai wasu iri su ƙaru. Kafin ya wuce shekara 3 gonar ta kafu, ta yi kusa da ta babba. Watau shekarun nan su ne damina. Wanda ya yi sakaci da damina, kaka ba ta yi masa daɗi.

Maganar nan tamu ce. A 2024 likitoci sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar ɗaya cikin kowane huɗu yana da tamowa. Masana kuwa sun bincika wannan ciwo a wasu ƙasashe, a Malawi a 2013, a Bangaladash a 2014. Sun gane ƙwayoyin hanjin yaro mai tamowa ba sa kafuwa daidai da shekarunsa. Ƙarancin abinci yana raunana su, rauninsu kuma yana hana abinci kama jiki.

Ga abin da za mu yi:

1. Kada a zubar da dakashi. A ba jariri nono tun sa'ar da aka haife shi.
2. Wata 6 na farko nono kaɗai, ko ruwa kada a ba shi.
3. Bayan haka a ƙara kunun gero da gyaɗa, da wake, da zogale, da miyar kuka. A ci gaba da nono har shekara 2.
4. Kada mu sayi kafso a kasuwar Kaura Namoda ko ta Shinkafi mu ɗura wa yaro. Kafso ba ya zaɓe, yana kashe shuka tare da ciyawa. Sai likita ya rubuta.
5. In yaro na zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari, kada a daina nono, a kai shi asibiti.
6. A wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha.

Maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Kai ke kawo cefane. In ka koma gida, karanta wa iyalinka darasin nan.

Tambayoyi

1. Daga ina jariri ke samun ƙwayoyinsa na farko?
2. Wace ɓarna kafso ke yi in an sha barkatai?
3. Rubuta abinci iri uku da za a ba yaro bayan wata 6.